Ruwan zafin da na zubar a tsibiri

Salamu alaikum, 'yan uwa da ƙawaye. Kusan shekara talatin ke nan ina riƙe da labarin nan. Ko 'ya'yana rabinsa suka sani. Yau na gaji da ɓoyewa.

A tsakiyar shekarun casa'in ina aikin buga takardu a wani ofis a Manhattan, muna zaune a unguwar Stapleton, a tsallaken ruwa. Akwai wata tsohuwar Baturiya a ofis, Misis Helen, wadda ba ta da hira sai ta tsuntsaye. Ita ta matsa mini in bi ƙungiyarsu hutun kwana huɗu a wani tsibiri can arewa.

Maigidana, Baban Amina, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tsuntsu? Ba a ci, ba a sayarwa, kallo kawai? Allah ya kiyaye hanya."

Tsibirin ba mota, ba shago. Hazo ne ke rufe shi tun safe, kana jin teku amma ba ka ganinsa. Akwai wani tsuntsun ruwa da ke kuka kamar mace mai makoki. Su suna murna suna rubutawa a littafi, ni tsigar jikina na tashi.

Rana ta uku, da tsakar rana, na gaji na bar su. Na zauna cikin doguwar ciyawa a gindin wani kangon gida, ga tsofaffin kaburbura a gefe. Na sha shayi, na juye sauran ruwan zafin fulas a ƙasa.

Ban yi bisimilla ba.

Tun muna yara ake ja mana kunne: kada a zubar da ruwan zafi ba bisimilla, musamman a kango, don akwai masu wurin da ba ma gani. Ruwan na taɓa ƙasa, tsuntsayen nan duk suka yi tsit. Na ɗaga kai, sai ga barewa tsaye a ƙofar kangon tana kallona. Ba ta gudu ba. Ni ce na gudu.

Bayan kwana goma da dawowa zazzaɓi ya kama ni. Na ce maleriya ce, na sha kulorokwin ɗin da muka zo da shi daga gida. Sai ciwon gaɓoɓi. Sai wani baƙin tabo mai faɗi a bayan gwiwa, ba ƙaiƙayi, na shafa man zafi na manta da shi.

Wata safiya ina alwala, ruwa ya zubo ta gefen bakina. Na duba madubi. Bakina ya karkace, idon hagu ya ƙi rufuwa.

Maƙwabciyarmu Mma Azumi, 'yar Kumasi, ta shigo ta dube ni, ta ja da baya. "Ei, 'yar uwa! Wannan ba na hospitil ba ne o. Marin aljani ne. Ina kika shiga?"

Na gaya mata. Ita kaɗai na gaya wa. Aka shiga hayaƙi da rubutu da tofi.

Baban Amina ya ja ni asibiti dole. Likita ya ji ni 'yar Najeriya ce, ya sa aka yi gwajin maleriya da taifot, ba a ga komai ba. Ya tambaya ko wani abu ya faru kwanan nan, na ce a'a. Yaya zan dubi Bature in ce na ƙona ɗan aljani? Kuma gaskiya ina tsoron in na ambaci wurin, mai wurin zai ji.

Sati bakwai ina haka. Kukan tsuntsun nan yana kunnena har a cikin jirgin ruwan St. George da nake hawa zuwa aiki. A jirgin na faɗi, ranar wata Talata da safe.

Na farka da wayoyi a ƙirji. Na'ura tana ƙara, ta yi shiru, ta yi shiru, har in ce ta tsaya, sannan ta sake. Zuciyata ce. Bugunta ya sauka ƙasa da arba'in. Aka zura mini waya ta jijiyar wuya don ta riƙe bugun. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Baban Amina ya zauna bakin gado, ba dariya yanzu. "Maman Amina, don girman Allah, in akwai abin da kika sani, ki faɗa. Ba zan iya da yaran nan ni kaɗai ba."

Sai na faɗa, a gaban wata likita dattijuwa, shi yana fassara wuraren da Turancina ya ƙare. Har barewar ban bari ba. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A ciyawa kika zauna? Barewa a kusa? Nuna mini jikinki."

Ta ga inuwar tabon. Ta ce kaska ce ta cije ni a ciyawar, irin wadda barewa ke yawo da ita, cutar kuma sunanta Laim. Na ce ai na san kaska, ta shanu, ƙatuwa, da na gan ta. Ta ɗiga ɗigon biro a takarda ta ce, "Girmanta ke nan." Ta ƙara da cewa a littattafansu tabon ja ne, don a farar fata aka ɗauki hotunan.

Sati huɗu ana ɗura mini magani ta jijiya. Inshorar ofis ta ɗauki yawancin kuɗin. A kwana na shida zuciya ta koma bugu da kanta, aka cire wayar.

Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Baban Amina, ya saka wa likitar nan da alheri. Mma Azumi ma da zuciya ɗaya ta yi, abincinta yarana suka ci wata guda.

Masu zuwa daji ko fili da yara: ku sa dogon wando, ku cusa shi cikin safa, ku duba jiki idan kun dawo. A fatarmu tabon baƙi yake fitowa. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba a ƙasar nan. In baki ya karkace, ku yi addu'arku a hanyar asibiti, a ranar da abin ya faru.

Kuma ku gaya wa likita komai, har abin da kuke jin kunya. Zuciyata ta warke. Amma sati bakwai da na yi shiru sun tafi da rabin murmushina, kuma har yau bai dawo ba.