Shari'ar Ɗorawar Da Ta Cinye Mini Sa

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zan taɓa mantawa ba, shari'ata da taubashina zan kawo. Wata ɗorawa ce a kan iyakar gonakinmu, can hanyar Kebbe. Na ce kakana ya bar mini, shi ma ya ce kakansa ya bar masa, alhali kakan guda ne.

Ni karatuna bai wuce in gane hoton da ke jikin kuɗi ba. To, sai wani tsohon masinjan kotu ya ce mini a teburin mai shayi, "Ai wanda ya faɗi shari'a shi ka biyan komi." Ban tsaya tambayar mene ne komi ba. Na ɗauko lauya tun daga Sakkwato, mai baƙar riga da ƙamshin turare. Da ya kawo zancen kuɗinsa, na ce san huɗata ya zama jingina, shi ke nan mini tilo. A raina dariya nake, don na san taubashina zai biya.

Kai, na sha daɗin wannan damina! Duk ranar zaman kotu sai in kama gaban mota zuwa Tambuwal, kujerar mutum biyu ni kaɗai, in jingina kai da taga. Gero na wucewa kore shar, fararen shanun Fulani na tafiya kamar gajimare ne ya sauko kiwo. Ni kuwa a zuci ina can ina kafa rumfa a inuwar ɗorawa, ina sayar da kalwa buhu-buhu, har Makka nakan je in dawo kafin mu kai tasha. In na sauka in ci balangu, in kora da fura.

Rannan na tarar da taubashina a bakin kotu, ya jingine tsohon kekensa yana tauna rogo. Na sayo masa tsire.

"Bawana, yau mi ya samu rowarka?" in ji shi.

"Ci dai, kai ka biya."

Ya cinye, har da neman ƙari.

Ranar hukunci dattawan gari suka shaida cewa itacen a cikin gonar taubashina yake. Alƙali ya ba shi ɗorawa, ya kuma ɗora mini kuɗin zirga-zirgar da na sa shi. Maganar tana zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya. Ina fita lauya ya biyo ni, ya ce ko da ni na ci, ladan aikinsa a wuyana yake, tunda ni na kira shi.

Taubashina ya dafa kafaɗata. "Nawa na yafe maka, ko don tsiren nan. Amma wanga mai baƙar riga ba kakanmu guda da shi ba."

Ranar kasuwa ni na ja san da hannuna, dillali ya karɓi igiya, san yana tafe yana waiwayena. Daminar da ta biyo da fartanya na yi ta, bayana na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Tun daga nan, in aka ce mini wani ne zai biya, sai na tambayi wane ne, kuma me da me, kafin in kai loma baki.