Sulafa da Takardun Asibitin Zainu

Sulafa Badamasi 'yar Maiurno ce, cikin Hausawan Sudan. Ta yi shekara tara tana aikin jinya a Wad Madani. Da yaƙi ya iso garin a ƙarshen 2023, ta ɗauko surukarta, Inna Fatuma, suka sha hanya har Alƙahira, suka kama ɗaki biyu a unguwar Faisal, hawa na biyar.

Mijinta Zainulabideen, wanda kowa ke kira Zainu, ya riga su fita tun kafin yaƙin. Yana wani ƙaramin gari a arewacin Suwidin, yana aiki a gidan burodi, kuma ya shigar da takardun ɗauko iyali. Shi ne ya ce mata a waya, "Nan suna neman nas kamar me. Amma sai kin iya rubutu da yarensu. Ki fara tun yanzu, kada zaman jira ya cinye ki."

Ta samu malama a unguwar Darrasa, wata Bamisiriya mai suna Nada, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya a Suwidin kafin ta dawo gida. Sau uku a mako Sulafa kan shiga ƙaramar bas ta tsallaka kogin Nilu, littafinta a kan cinya. Magana ba ta ba ta wuya sosai ba. Rubutun ne ya ga bayanta, musamman baƙaƙen nan masu ɗigo a ka. Kuma Nada ba ta da sassauci. Sulafa ta rubuta cewa mara lafiya ya ba ta tausayi, sai jan biro ya bi ta kai.

"Rahoton jinya ba wasiƙa ba ne, ya Sulafa. Ƙarfe nawa? Me kika gani? Me ya ce? Me kika yi? Khalas, shi ke nan."

A gida kuwa Inna ce mara lafiyarta ta gwaji. Ta auna mata jini, ta rubuta, ta karanta da ƙarfi. Inna ta yi ta dariya tana cewa yaren nan kamar mutum na kurkurar baki. Bayan shekara guda Sulafa ta fi Zainu iya rubutu, har takan gyara masa saƙonninsa, shi kuma ya turo mata murya yana cewa, "Ranki ya daɗe, malama."

A watan Maris aka sa mata ranar jarrabawar rubutu. A makon nan Zainu ya daina kiran bidiyo, ya ce aiki ne ya yi yawa, ta mai da hankali kan karatunta. Ta zauna jarrabawar ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi abokinsa Imran ya kira ya ce Allah ya yi wa Zainu rasuwa a asibiti, ciwon zuciya. A can aka yi masa sutura. Daga matar har uwar, ba wadda ta ga gawarsa.

Bayan addu'ar arba'in ta roƙi Imran ya karɓo mata takardun asibitin. Da ya turo, ta buga su a wani shago, shafi goma sha ɗaya. Ta zauna a bakin gado bayan azahar ta fara karantawa, kuma ba kalma ɗaya da ta sa ta buɗe ƙamus. An rubuta su daidai yadda Nada take so. A nan ta ga cewa sau huɗu ya je asibiti tun watan Nuwamba, numfashi na sarƙe masa, ƙafafu a kumbure. A nan ta ga layin da wata nas ta rubuta ranar Litinin, ƙarfe biyu da minti goma: an tambayi mara lafiya ko a sanar da iyalinsa, ya ce a'a, matarsa na da jarrabawa, a bari sai Juma'a.

Inna na zaune a kan darduma tana kallonta.

"Me suka ce, 'yar nan? Yaron nan ya sha wahala?"

"Sun ba shi magani, Inna. Ciwon ya lafa kafin ƙarshe."

Wannan gaskiya ne, yana rubuce.

"Shi kaɗai ne?"

Sulafa ta juya shafi na ƙarshe. "Wata nas ta zauna da shi. Ta rubuta cewa ta riƙe masa hannu, yana ta magana da yarensa, ba ta gane ba."

"To, kalmar shahada ce," in ji Inna. "Alhamdu lillahi." Ta ja gyalenta ta rufe fuska.

Maganar Juma'a kuwa Sulafa ba ta faɗa mata ba, har yau. Nada kaɗai ta nuna wa. "Da ya buɗe bidiyo sau ɗaya, da na ga fuskarsa na gane," in ji Sulafa. "Aikina ne fa. Shi ya sa ya ɓoye." Nada ta cire tabarau.

Sakamakon jarrabawar ya fito, ta ci. Bayan mako uku wata takardar ta zo cewa an rufe maganar tafiyarta, tunda wanda za ta je wurinsa ya rasu. Nada ta ce akwai wata hanyar, ta neman aiki kai tsaye, sai dai tana da tsawo. Sulafa ta ce ta ji, amma wa za ta bar wa Inna?

Yanzu tana kula da wani tsoho mai shanyewar ɓarin jiki a unguwar Zamalek, daga safe zuwa la'asar. 'Ya'yansa suna yaba ta, sun ce ba su taɓa samun mai tsafta da kiyaye lokacin magani irinta ba. In ta tashi takan biya ta sayo wa Inna burodi mai zafi a bakin titi, ta hau benen a hankali, tana hutawa a hawa na uku.