Tsohuwar da aka damƙa wa amana

Na daɗe ina sayar da atamfa a Sersouf, nan Aljeriya, Larabci ya zauna a bakina. Shi ya sa aka kira ni tafinta ranar da jami'an ƙasarmu da na nan suka zauna kan matan da jandarma suka kwaso daga wani gida. Wai haɗin gwiwa. Ni dai abin da na gani, manya na musabaha, mai hoto na ɗauka, matan kuwa an zube su a tabarma can gefe.

Cikinsu akwai wata ƴar ƙasar Damagaram mai goyo. Da na kai mata ruwa ta riƙe zanena, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, tsohuwar can mai carbi ita ta kawo mu. Ta ce aikin gida ne, sai ga bara, sai ga abin da ya fi bara. Don Allah kar a haɗa ni da ita."

Na kai wa jami'inmu maganar. Ya ce, "Hajiya, ke tafinta ce, ba shaida ba. Sai ta faɗa da bakinta."

Kuma sai ya tambaye ta a gaban kowa, tsohuwar na zaune taku biyu da ita. Wace ƴar Hausa ce za ta nuna sa'ar uwarta da yatsa cikin taron maza? Ya san haka sarai, Bahaushe ne ɗan'uwana. Ta sunkuyar da kai. Ya rubuta abin da ya ga dama, na Aljeriya ya buga hatimi. Har yau in na tuna, raina tafasa yake.

Ranar da za a mayar da su gida, sai tarbiyya ta motsa wa jami'in namu. Wai mai goyo ba ta doguwar hanya ba babba a tare. Ya duba takardu, ya ga garinsu ɗaya da tsohuwar.

"Inna, ga ƴarki nan, amana, har gida."

"Da yardar Allah, ɗana," in ji tsohuwar.

Ya miƙa mata takardar tafiyar baiwar Allahn, ta cusa a lalita. Na yi ihu da Hausa, na yi da Larabci, wani jandarma ya tura ni baya.

Da motar ta tashi na hango su ta taga. Ita ba ta ɗago kai ba. Tsohuwar ce ta karɓi jaririn ta ɗora a cinya, ta kama hannunsa tana ɗaga mini.