An Shafa Wa Gonar Malam Ja

Abin da ke hango ruwan ƙarƙashin ƙasa daga sama, shin yana ganin waɗanda ke kwance a cikinta? Har yau ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Ban yi karatu ba. 'Yata Rabi ce ke rubutawa, ni ina faɗa ina kuka.

Malam manomin fadama ne a ƙauyenmu, kusa da Haɗeja. Da jigo ya fara ban ruwa, daga baya ya sa inji. A zamaninsa, idan kogi ya janye, gaba biyu za ka haƙa ka tarar da ruwa. Yau injin nan sai ya yi ta tari kafin ya kawo abin da zai jiƙa kwamin shuka ɗaya.

Bana wasu ma'aikatan ruwa suka zo da hoton ƙasarmu, wai tauraron ɗan'adam ne ya ɗauka. Babban ɗana ya kawo mini a waya. Inda ake sa ran ruwa shuɗi ne, inda ya yi nisa ja. Ya ɗora yatsa a kan ja, ya ce, "Inna, ga gonar Baba." Na ce shuɗin nan na gabas fa? Ya ce wajen maƙabarta ne.

Mu mata ba ma raka gawa. A zaure na rabu da Malam, ban san gefen da aka kwantar da shi ba. Ga wani abu can sama, ba dangin iya ba na baba, yana leƙa inda ni matarsa ban taɓa gani ba. Rabi ta yi dariya, ta ce, "Haba Inna, ba ya ganin cikin ƙasa. Ciyayi yake dubawa da gangaren wuri, masana su kintata." Na ji ta. Tsoron dai bai tafi ba.

Yanzu ɗan nawa yana maganar sayar da gonar mu koma Kafin Hausa. Ban ga laifinsa ba, iyali gare shi. Amma ni na san gudun rashin ruwa. Ina yarinya iyayena suka baro bakin Tafkin Chadi da ya janye, suka bar kaburburan nasu iyayen, ba wanda ya sake komawa. Shi nake tsoro: in tashi in bar Malam a garin da ba mai yi masa sallama.

Da yana nan me zai ce? Ina jin zai daɗe yana kallon hoton, don shi ba ya raina ilmin kowa. Sannan ya tambaya ko jan nan yana komawa shuɗi idan mutane suka rage zuƙar ruwan. Shi ko alwala yake yi, a gindin lemo yake yi, kada ruwan ya tafi a banza. Jikokinsa ma haka suke yi, ba su san daga inda suka samo ba. Abin da ya rage mana ke nan, ban sani ba ko zai isa ya riƙe mu a nan.

Ranar da Malam zai cika, bayan la'asar, ya nemi ruwa. Na ɗebo a randa, na tallafi kansa. Ya kurɓa kaɗan, ya ture moɗar da bayan hannu.

"Ya isa, Yagana. Ki rage wa yara."