Silima a Rumbun Baba

Bara na ga silima a Magarya, a filin gaban gidan kumandan, Baturen mulki. Zanen dabbobi ne, amma suna gudu suna faɗuwa. Na buɗe baki har ƙudajen garin suka gama zagaya cikinsa suka fita. Da aka ba mu hutun lakwal, wato makarantar boko, na koma Dungas da rantsuwa: sai na yi wa yaran unguwarmu nawa, mai tsawo, ba guntu irin na Nasara ba.

Babban rumbunmu ya ƙare tun farkon damina, cikinsa duhu ƙirin. Baba ya ce, "Yi haukanka. Ran da aka kawo damin farko, ko kai na tarar a ciki zan danne da gero. Kuma kar na ga wuta." Saboda haka babu fitila, sai rana. Na faɗaɗa wata ɓular ɓera a jikin rumbun, ƙanwata ta tsaya a waje da madubin Inna tana turo haske a kan farin ƙyalle.

Na yanka akuya da kura da wata jimina mai gurguwar ƙafa daga kwali da ragowar fatar dukawa, na haɗa gaɓoɓinsu da zare. Gara ta cinye kurar. Na sake wata, akuyar gidanmu ta cinye ta, na yi ta uku. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi. Kafin na gama, gero ya riga ya nuna.

Ranar nuni na zura yara cikin rumbu ta sama, ɗaya bayan ɗaya. Haske ya faɗo, jimina ta ɗingisa. Wani yaro ya yi ihu, "Wallahi tana da rai!" Daɗi ya ɗebe ni, bakina ya yi abin da ya saba a gaban yara.

"Ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta!"

Kowa a garinmu ya san wanda ya yi tatsuniya da rana, ko ya saurara, ɓata zai yi a daji. Ɗiyar maƙwabcinmu ta fara kuka.

"Yaya, gobe ni zan kai abinci gona!"

"Ke, silima ne, ba tatsuniya ba!"

"Ƙarya kake, ka ce ga ta nan!"

Suka yi ta hawa kaina suna fita. Na ƙarshensu ya taka jimina, ƙafar mai lafiyar ta tsinke. Kakata ta leƙo ta sama.

"Mai gidan banza! An kai ka lakwal ka koyo ɓatar da 'ya'yan mutane?"

"Uwargida, Nasara ma suna yi."

"Ai shi ya sa suka ɓato har nan."

Na bi gida gida ina rantsuwa ba zan sake faɗa ba. Iyaye mata suka ce bakin da ya faɗa sau ɗaya zai ƙara. Ƙanwata ma ta mayar da madubi.

Da aka fara yankan gero na shiga ni kaɗai, na motsa kura a cikin duhu, na yi mata murya. Labarin bai kai rabi ba na ji jakai a ƙofar gida, Baba yana cewa in fito in kama dami.