Kwalaben Malam Sada

Malam Sada mutumin Gwaram ne, kuma cikin malaman da na yi aiki da su, shi ne Allah ya jarrabta da kunne. Ko ƙwarya ce ta faɗi sai ya gaya maka muryarta. A kwalejin horon malamai ya koyo do-re-mi, wato matakan sautin waƙa irin na Turawa, ya dawo da buri guda: ya ji yaran ƙauye sun haɗa murya uku a waƙa ɗaya, ba wadda ta danne wata.

Zamanin ilimi kyauta, lokacin da arzikin mai ya sa ake ta gina ajujuwa, aka tura mu wata sabuwar firamare a hanyar Birnin Kudu. Rabin ajinsa 'ya'yan makiyaya ne da aka raba da shanu da ƙyar. Ba kayan kiɗa, sai ya tara kwalabe ya zuba musu ruwa, wata kaɗan wata da yawa, har kowace ta sami muryarta in an busa bakinta. Ya liƙa wa kowace takarda mai alamar sautinta, baƙin ɗigo da jela. Kafin yara su iso sai ya ɓoye su bayan allo, ƙarƙashin benci, har gindin darbejiya. Yara su bazu nema. Wanda ya samo kwalba ya busa, ya nemo mutum biyu da tasu ta jitu da tasa. Muryoyin nan uku yake kira uwa, ɗa da jika. Ban taɓa ganin ajin da ake rige-rigen shiga irin nasa ba.

Wata rana kwalba ɗaya ta kwana a gindin bishiya, rabinta cikin ƙasa. Inna Hajjo, kakar wata yarinya a ajin, ta zo tsintar itace ta tono ta. Kwalba a binne, da ruwa a ciki, da rubutun da ba boko ba kuma ba ajami ba, a ƙasarmu sunan wannan ɗaya ne. Kafin la'asar gari ya ɗauka malam ya yi wa yara sammu don su manta da kiwo. Babbar hujjarsu ita ce yadda yaran suke son makaranta.

Malam Sada ya ɗauki kwalbar ya busa ta a gaban mai gari don a gane. Wani dattijo ya toshe kunne ya ce, "Malam, ga ta nan ma tana amsa maka."

Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, shi kuma aka mayar da shi ofis yana raba alli har ya yi ritaya. Da muka haɗu bayan shekaru, na tambaye shi ko ya koya wa nasa 'ya'yan. Ya ce maiɗakinsa ta roƙe shi ya bari, kada 'yan matan gidan su rasa manema. Tun daga ranar ko fito da baki bai sake yi a gidansa ba.