Bube Mai Faskare da Kunyar Ɗan Fari

Duk macen da ta yi wankan jego a Kusada, da duk wanda ya taɓa miƙa hannu a tuwon biki a garin, akwai gumin Bube a cikin abin da ya mora, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ne mai faskaren da in an jibge gungume a ƙofar gida ba a tambayar wa za a kira. To, wannan mutumin aka raba da sana'arsa alhali yana da ransa da lafiyarsa, yana ji yana gani, kuma ba bare ne ya yi masa ba. Ni dai duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Mutumin Bauranya ne. Da aka raba gonar ubansu, abin da ya faɗo hannunsa ko akuya ka ɗaure a tsakiya sai ta ci dawar maƙwabci. Sai ya saɓa gatari ya shigo Kusada tun gemu bai fito masa ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: gatari, da wasu ƙarafa biyu masu faɗin baki da maƙeri ya yanko masa daga ƙarfen tsohuwar mota, da guduma. In ya zo kan gungume ba ya gaggawa. Sai ya zagaya shi, ya juya shi da ƙafa, ya nemi inda rana ta fara tsaga shi, ya kafa ƙarfe ɗaya a nan ya dinga dukansa har itacen ya yi ƙara. In tsagar ta buɗe ya sa na biyu a gaba, na farko ya faɗo da kansa, sannan gatari ya shiga. Bedi da gawo ba sa ba shi wahala. Kirya da marke su ne abokan kokawarsa, musamman in gungumen yana da gaɓa, inda jijiyar itace ta murɗe ta ƙi bin hanya. Yana da wani nishi da yake saki tare da kowane sara, wanda matan unguwa ke ganewa daga cikin gida su ce a ɗora ruwa, Bube ya iso.

Ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, kada in yi masa ƙarya. Yana da saurin fushi, ba ya son a tsaya masa a kai yana aiki, kuma in ka ce masa ya sassauta faskaren ya yi ƙanana sai ya miƙo maka gatarin. Amma ba a taɓa ba shi gungume ya tafi ya bar shi ba. Har Kankia ake aiko masa in ana babban biki, ya hau bayan ɗan acaɓa da gatari a cinya.

Da wannan gatarin ya yi wa ɗansa na fari, Bishir, karatu, har yaron ya samu aikin ofis a Kankia ya yi gida a can. Bube kuwa irin mutanen da ne, masu tsananin kunyar ɗan fari. Tun ranar suna bai taɓa faɗin sunan yaron ba. In zai yi maganarsa sai ya ce yaron nan, daga baya ya koma cewa mutumin Kankia. Ba ya zama inda yake zaune, ba ya kallonsa ido cikin ido, in yana da saƙo gare shi sai ya ba ƙanin yaron, Hussaini, ya kai. Matarsa Zinariya ma ta fi shi, ita ko a hanya ta hango ɗan nata sai ta sauya lungu. Wanda bai san al'adar ba sai ya ce ƙiyayya ce, alhali duk cikin 'ya'yansa babu wanda ya kai Bishir a ransa.

Wata rana aka kira Bube Kankia gidan wani babba a ofishin su Bishir, an yi haihuwa ana shirin suna. Yana ƙofar gida ya tuɓe riga, gumi na zuba, sai ga ma'aikata sun zo barka cikin manyan riguna, Bishir a tsakiyarsu. Bube ya sunkuyar da kai ya ci gaba da sara kamar bai gan shi ba, yadda ya kamata. Bishir ma ya kau da kai ya wuce, ko sannu bai ce ba. Bube ya koma gida ran nan cike da farin ciki, ya ce wa Zinariya mutumin Kankia boko bai lalata shi ba, ya san kunya, ya ga ubansa cikin mutane ya sadda kai ya wuce. Har addu'a ya yi masa, bawan Allah.

Bayan wannan suna da ɗan lokaci aiki ya fara ɗaukewa. Ya je gidan da ya saba, a ce masa an riga an faskara. Ya je wani, a ce maigida ba ya nan. Daga Kankia kuwa shiru kamar an daina haihuwa a garin. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne gaisuwar da ta sauya. Mutanen da ke ce masa sannu da aiki suka koma yi masa ya jiki, suna karkatar da kai irin na masu tausayi. Ya ce jikin wa? Su ce a'a, gaisuwa ce kawai.

Saudatu mai waina ce ta fasa ƙwan. Ita ce ta fi kowa ba shi aiki, don tandarta ba ta hutawa. Ya zo ya tarar da gumaguman marke jibge a bayan rumfarta, ta dube shi ta ce an faskara mata jiya. Bube ya nuna itacen da ƙotar gatari ya tambaye ta ko aljanu ne suka mayar da shi yadda yake cikin dare. Ta yi ta kame-kame, ya kafe ya ce ba zai gusa ba. Da ta ga masu sayen waina sun fara taruwa sai ta ja shi gefe.

“Malam Bube, ɗanka ne ya zo da kanshi,” in ji ta. “Ya ce likita ya auna ka a Katsina, zuciyarka ta kumbura. Ya ce duk wanda ya ba ka icce ka faɗi a gidanshi, alhakinka shina wuyanshi. Ni mi zan yi? Gida-gida ya bi, har masu burodi.”

Bube rabonsa da Katsina tun kafin a haifi autarsa, likita kuwa bai taɓa ɗora masa ko ɗan yatsa a ƙirji ba. Ya tsaya yana kallon Saudatu. Ita ce ta ƙarasa masa sauran, don ƙanin mijinta masinja ne a ofishin su Bishir. Ashe tun ranar sunan nan abokan aiki suka sa Bishir a gaba da tsokana, in ya shigo su ce ga ɗan mai gatari, wani ya ce a ba shi teburin da ya karye ya kai wa tsoho. A nan Bube ya gane kau da kan da ya yi ta yabo har da addu'a. Shi yana jin kunyar ɗansa irin ta girmamawa, ɗan kuwa kunyar a ce wannan ne ubansa yake ji.

Wani uban da a ranar zai je ya ci kwalar yaron. Bube ba shi da wannan hanyar, don bakin da bai taɓa kiran sunan ɗa ba, da me zai fara yi masa faɗa? Ya dawo gida yana huci, ya faɗa wa Zinariya. Ta yi kuka, amma ta ce ita ba za ta iya tsayawa gaban yaron ba ko za a yanka ta. Sai aka koma hanyar da aka saba, aka tashi Hussaini. Hussaini ya je ya dawo da buhun masara a bayan babur, da saƙo cewa Baba ya yi haƙuri ya zauna ya huta, ya sha wahala ta isa, duk abin da ake bukata za a riƙa aikowa. Maganar likita kuwa, wai ai don a tausaya masa aka faɗa.

Wannan saƙon ya fi ƙaryar ƙona masa rai. Mutumin da ya ciyar da gida da damtsensa tun yana saurayi, yau shi za a ɗaure a zaure a riƙa zuba masa masara kamar ragon layya? Ya ce a fitar masa da buhun daga gida. Ya yi kwanaki yana wasa gatarin da babu abin da zai sara, yana zagin kaji, yana zagin ƙofa in ta ƙi rufuwa. Hussaini ya ce a bar wa Allah. Bube ya ce ya bar wa Allah abubuwa da yawa a rayuwarsa, amma jin kunyar mara kunya asara ce.

Da safe ya saɓa gatari ya hau acaɓa zuwa Kankia. Ya sauka a ƙofar gidan ɗansa daidai lokacin da ma'aikata ke fitowa, masu shayi da masu kanti duk suna wurin. Bai yi sallama ba. Ya tsaya tsakiyar titi ya buɗe murya.

“Bishir! Bishir, fito!”

Sunan ya fito masa wani iri, kamar ba da bakinsa ba. Bishir ya fito da hula a hannu, a ruɗe, don bai taɓa jin sunansa a muryar nan ba. Ya durƙusa ya ce Baba a shiga ciki. Bube ya ce ba inda zai shiga. Ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ga ashe yaron har ya fara furfura a gefen kunne.

“Wane likita ya auna ni?” ya ce. “Faɗi sunanshi gaban mutanen ga. Gatarin ga da kake jin kunya, shi ya saya maka takalmin da ka fara zuwa makaranta da shi. Ni na ɓoye sunanka don girmanka, kai ka kashe ni da raina don kar a gan ni. Tashi mu tahi, duk gidan da ka shiga da ƙarya ka koma ka kwashe ta.”

A yi wa Bishir adalci, ya bi shi. Ya ajiye zuwa ofis, suka bi gidajen Kankia, sannan suka wuce Kusada, uban a gaba da gatari, ɗan a baya kansa a ƙasa. A kowace ƙofa Bishir ya ce maganar da ya faɗa ba gaskiya ba ce, Baba lafiyarsa ƙalau. Mutane suka ce to madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Bube ya koma gida yana ganin ya ƙwato abinsa.

Sai dai magana zarar bunu ce. Kafin su iso Kusada 'yan acaɓa sun riga su da labari: Bube ya tsaya tsakiyar titi a Kankia da gatari a kafaɗa yana ƙwala wa ɗan farinsa kira da sunansa. Duk wanda ya san Bube ya riƙe baki. Tsofaffin da ke zama gindin bedin masallaci suka yanke hukunci a take, cewa mutum irin Bube ba zai yi haka da hankalinsa ba, lalle ciwon ya bar zuciya ya hau kai. Yaron kuwa, in ji su, me zai yi in ba ya bi shi ya faɗi abin da yake so ba, mutum da gatari a hannu? Har yaba wa Bishir aka yi, wai ɗa ne mai biyayya, ya yarda ya ƙaryata kansa don ran tsoho ya kwanta. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan na Kusada har yau ban ga ƙarshensa ba.

Washegari Bube ya je wurin Saudatu. Ta tashi da sauri ta ba shi kujera, ta zubo masa waina da miya ta ce ya ci, kyauta ce. Ya ce ba waina ta kawo shi ba, ga marke can. Ta ce ai ta riga ta yi wa wani alkawari, tana magana tana kallon gatarin, tana jan jikarta zuwa bayanta. Bube ya ga wannan jan da ta yi wa yarinyar. Ya tashi ya bar mata wainarta.

Yana nan har yanzu a Kusada, in ka je za ka gan shi. Damtsensa bai saki ba, ni shaida ne zai iya tsaga kirya yau in an ba shi. Kullum da safe yana saɓa gatari ya zaga unguwannin da ya saba, ya wuce gumagumai jibge a ƙofar gidaje, masu gidan su fito su tare shi da fara'a su ce Malam Bube ya jiki. Da farko yakan tsaya ya yi rantsuwa cewa lafiyarsa lau, ya buga ƙirji, har ya yi zagi, su kuwa su kalli juna su girgiza kai. Kwanan baya ina tsaye kusa da rumfar Saudatu ya zo wucewa, wani dattijo ya ɗaga masa hannu ya ce ya jiki. Bube bai ko tsaya ba, ya gyara gatarin a kafaɗa ya ce, “Da sauƙi.”